Ko Ka Sani? Injin da Ke Ƙera Dutsen Kantar Kicin

Yawancin fale-falen da ake sayarwa da sunan kwaz domin shimfiɗawa a kan kantar kicin, wato teburin da ake yanke-yanke da haɗa kayan miya a kansa, ba daga dutse aka tsago su ba, inji ne ya ƙera su a masana'anta. Asalin wannan inji garin Castello di Godego ne da ke lardin Treviso a arewacin Italiya, inda Marcello Toncelli ya kafa kamfanin Breton a shekarar 1963, kuma a shekarun 1970 ya fito da dabarar da aka sani da Bretonstone, wadda da ita ce kamfanoni irin su Caesarstone na Isra'ila da Cosentino na Sifen, mai yin Silestone, suka yi suna.

Kwaz ma'adini ne mai tauri wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi. Ana niƙa shi, wani ya zama tsakuwa wani ya zama gari, sannan a gauraya kimanin kashi 90 cikin 100 nasa da launi da wani danƙon roba mai suna foliyesta, wanda aikinsa shi ne riƙe ƙwayoyin wuri guda. Idan an zuba haɗin a cikin ma'auni mai faɗi, sai injin ya yi abubuwa uku a lokaci ɗaya: ya zuƙe iskar da ke ciki, ya girgiza haɗin da ƙarfi, ya kuma danne shi da nauyi mai yawa. Girgizar ce ke sa ƙananan ƙwayoyi su cike gurbin da ke tsakanin manya, kamar yadda hatsi ke zama idan an jijjiga mudu, yayin da zuƙe iskar ke hana ƙananan ramuka samuwa. Daga nan ake gasa falen a tanderu har danƙon ya daskare, a daidaita kaurinsa, a goge fuskarsa ta yi sheƙi.

Rashin ramukan nan shi ne babban abin da mai gyaran gida ke biyan kuɗinsa, domin manja ko ruwan zoɓo ba sa samun hanyar shiga cikin falen. Dutsen giranit, irin wanda ya yi duwatsun Kufena a Zariya, yana da ƙananan kafofi, don haka yakan buƙaci a riƙa shafa masa maganin toshe su lokaci zuwa lokaci. Shi kuwa mabul, duk da kyansa, ya fi su rauni, saboda a ma'aunin Mohs, wanda ke jera ma'adinai bisa taurinsu daga 1 zuwa 10, sinadarin da ya yi shi yana mataki na 3 alhali kwaz yana na 7, kuma ruwan lemun tsami ko na tsamiya yana cin fuskarsa ya bar tabo. Sai dai danƙon da ya ba falen inji ƙarfinsa shi ne kuma rauninsa: tukunyar da aka sauke daga wuta kai tsaye tana iya ƙona shi, hasken rana kuma yana sauya masa launi, abin da ya sa giranit ya fi dacewa da madafar da ke tsakar gida ko wadda ake sauke manyan tukwane a cikinta.

Akwai lamarin da ya fi waɗannan duka nauyi, kuma bai kamata mai saye ya kau da kai daga gare shi ba. Falen da aka riga aka girka ba ya cutar da mai girki, amma idan ana yanka shi ko goge shi a bushe, yana fitar da ƙurar silika, wato ƙurar kwaz ɗin da ke cikinsa, mai laushi ƙwarai wadda ke shiga can cikin huhu ta haddasa silikosis, wato ƙeƙashewar huhu da ba ta warkewa. Giranit ma yana da silika, amma yawanci bai kai rabin na falen inji ba. Likitoci a Sifen da Isra'ila da Ostareliya sun ga cutar a jikin matasan ma'aikata bayan 'yan shekaru kaɗan na aiki, har ta kai Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta haramta ƙera irin wannan dutse da sayar da shi da girka shi daga ranar 1 ga Yuli, 2024. Duk wanda ya zaɓi kwaz, haƙƙi ne a kansa ya tambayi mai aikin ko da ruwa yake yankawa, ko yana da na'urar zuƙe ƙura da takunkumin da ke tace ta, ya kuma ƙi amincewa a yi yankan a bushe a cikin gidansa.