Ƙurajen da Suka Zo Bayan Sa Rana

Ɗiyar yayana ta ƙetare shekarun balaga ba tare da ƙurji ko ɗaya ya dame ta ba. Lokacin da sa'o'inta suke fama da fuska a sakandare, ita tata sumul take. Sai da ta kai shekara 23, aka kawo kuɗin aure aka sa rana, sannan ƙuraje suka feso mata a kumatu da haɓa da goshi, suka gangara har wuya da ƙirji. Nan take kowa a gidan ya zama likita. Kakarta ta ce baki ne, a nemo rubutu. Mahaifiyarta ta ce gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. Ƙawaye suka ce ɗokin aure ne, da an ɗaura zai wuce. Ita kuwa ta daina fita, ko baƙi aka yi ba ta leƙowa tsakar gida. Ranar da ta ce da ni, "Gwaggo, ko a ɗaga bikin nan ne?" na ga abin ya wuce a bar shi a hannun hasashe.

Gyaɗa aka fara kamawa, kamar yadda aka saba. An hana ta ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da soyayyen ƙwai, makonni suka shuɗe, ƙuraje ko gezau. Kuma da ma hujjar da ake kafawa a kan gyaɗa ba ta da ƙarfi. Maiƙon da ke fitowa a fuska ba man da aka ci ba ne yake tsattsafowa. A ƙarƙashin kowace ƙofar gashi akwai wata 'yar jaka da ke sarrafa nata maiƙon, kuma sinadaran jiki ne ke ba ta umarnin ƙara yawansa, shi ya sa abin ya fi tsanani lokacin balaga. Idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata sai su toshe ƙofar, kamar yadda ƙasa da leda ke toshe kwata. Wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai suna Cutibacterium acnes, sai ta sami wurin hayayyafa, jiki ya taso yaƙi da ita, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Abincin da bincike ya ɗan nuna wa yatsa shi ne mai yawan sukari da farar fulawa, sai madara ga wasu mutane. Yarinyar nan kuwa ba ta canja komai a cimarta ba. Gyaɗar da ta ci tun tana ƙarama ba za ta tashi cutar da ita a rana ɗaya ba.

Sai aka koma kan datti. Wannan zargi ne ya fi yi mata ɓarna, domin ta shiga dirje fuska da soso da sabulun salo safe da rana da dare, ta goga lemun tsami, da daddare ta ɗiga makilin a kan kowane ƙurji. Fata ta bushe, ta yi zafi, ta fara saɓa. Ƙurji ba daga saman fata yake farawa ba, a cikin rami yake, kuma yakan yi makonni yana haɗuwa kafin ido ya gan shi. Dirza ba ta kaiwa gare shi, sai dai ta fasa abin da ke ciki ya bazu.

Ƙurajen zafi ma an ambata, amma a tsakiyar hunturu ake. Na tambaye ta batun al'ada, domin ƙurajen da ke taso wa mace a haɓa bayan shekara 20, in sun zo tare da rikicewar al'ada da tsirar gashi a fuska, sukan nuna matsalar ƙwan mahaifa da ke buƙatar likita. Ta ce al'adarta ba ta taɓa saɓa lokaci ba.

Da muka rasa inda za mu dafa, sai na kira wata aminiyata da ta karanta harhaɗa magunguna. Ba ta tambayi komai ba da farko. Ta fitar da yarinyar hasken rana, ta ɗaga haɓarta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da ni, "Hajiya, zo ki duba. Kin ga wani ya fi wani girma?" Na duba. Na kumatu da na wuya da na ƙirji duk kansu ɗaya, ƙanana jajaye, sai ka ce rana ɗaya aka haife su. Ta ce ƙurajen da aka saba da su ba haka suke ba. Su a gauraye suke zuwa: ga mai baƙin kai, ga mai farin kai, ga babba mai ciwo, ga wanda ya fara warkewa, domin kowace ƙofa da ranar da ta toshe. Idan aka ga sun fito lokaci guda, girma ɗaya, babu masu baƙin kai a cikinsu, to akwai wani abu daga waje da ya taɓa fatar gaba ɗaya.

"'Yata, me kike shafawa?"

"Anti, ni fa ba na bilicin."

"Ban ce kina yi ba. Me kike shafawa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wata farar roba, ba suna ba rubutu a jikinta. Man gyaran jiki ne na amare, wata mai haɗin mai ta haɗa mata tun da aka sa rana, ta kuma tabbatar mata cewa kayan gargajiya ne zalla, man kaɗanya da kurkum da zuma. Sai yarinyar ta kawo hujjar da ta sa duk gidan ba wanda ya taɓa zargin man. Ta ce, "Wallahi shi ne ma yake taimaka mini. Na taɓa daina shi, cikin kwana uku fuskata ta yi jajir tana raɗaɗi, ƙurajen suka ninka. Ina komawa kansa suka lafa."

Maganar da ta kawo don wanke man, ita ce ta kama shi. Aminiyata ta ce man kaɗanya da zuma ba sa yi wa mutum haka in ya bar su. Abin da fata ke kamuwa da shi har ta yi bore in an janye shi, sannan ta kwanta in an mayar, sitiroyid ne. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini yana danne kumburi, shi ya sa a makonnin farko fata take haske ta yi laushi, kowa yana yabawa. A ƙarƙashin wannan hasken kuwa yana sirantar da fatar, yana raunana garkuwarta, yana fitar da nasa ƙurajen. Ta kama hannun yarinyar ta nuna mini gaɓoɓin yatsu sun yi duhu sun bar sauran hannun. Ta nuna mini siraran jijiyoyi da suka fara bayyana a gefen hanci. Da aka ɗaga hannun riga, ga nankarwa sabuwa a damtse, ga yarinya ba ta yi ƙiba ba, ba ta taɓa ciki ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Duk da haka zato ne, tunda roba ba ta da rubutu, kuma mahaifiyarta ba ta yarda ba. Don haka muka je wurin mai haɗin, na ce ina son irinsa amma a haɗa a gabana. Ta zuba man kaɗanya da gaske, ta zuba kurkum. Sannan ta jawo wasu 'yan kwalaye masu hoton lemo da karas, ta buɗe tub-tub ɗin ciki ta matse su kaf a cikin robar. Na ɗauki kwali ɗaya na juya bayansa. Da ƙananan haruffa an rubuta clobetasol propionate 0.05%. Wannan yana cikin rukunin sitiroyid mafi ƙarfi da ake shafawa a fata. Likitoci kan ba da shi ga cututtukan fata masu tsanani, galibi na mako biyu, kada a wuce giram 50 a mako, kuma a fuska ba a sa shi. Yarinyar nan ta shafe wata da watanni tana mulka shi daga goshi har ƙafa. Matar ba ta ɓoye komai ba, domin ita kanta ba ta san magani take sayarwa ba. A wurinta "mai sa haske" ne kawai. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, amma har yau yarinya za ta iya shafa shi wata uku tana rantsuwa, da gaskiyarta, cewa ba ta taɓa yi ba. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid a jiki duka, maganin yana iya ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da sukari.

Daina shi ba aikin gida ba ne kaɗai. Mun kai ta wurin likitan fata, ya tsara mata yadda za ta rabu da shi, ya ba ta maganin sha, ya kuma gargaɗe ta cewa fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru. Haka aka yi, kuma a nan ne yawancin mata suke karaya su koma wa robar. Sauran aikin a gida aka yi shi, ba shi da tsada. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, da tafin hannu, ba soso. Mai marar turare kuma marar nauyi saboda bushewar hunturu. Aka sallami lemun tsami da makilin. Da fatar ta huce, ta fara shafa benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5, wanda ake samu a kemis, kaɗan-kaɗan, yau a shafa gobe a huta, a duk wurin da ƙurajen ke fitowa ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba. Yana cin launin tufafi, don haka ta ware farin tawul da farar rigar filo. Abin da ya fi wuya shi ne hana hannu matsa, da kuma haƙuri: maganin ƙuraje kowane iri ne yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsa.

Kumatu da wuya da ƙirji suka washe. Amma goshi ya ƙi. Wani layi na ƙananan ƙuraje ya tsaya daram a bakin gashi da gefen kunne, kuma su da aka duba da kyau suna da fararen kai da baƙaƙe, wato ba 'yan gidan na farko ba ne. Baƙin nan ba datti ba ne, maiƙo ne da launin fata da iska ta taɓa suka yi duhu. Me ke taɓa bakin gashi kaɗai ba ya taɓa kumatu? Amsar tana kan madubinta: man kitso mai kauri da take cika wa kai, ta ɗora hular hijabi a kai tun safe, gumi ya narkar da shi ya gangaro. Likitocin fata sun san wannan tun 1970, lokacin da Plewig da Fulton da Kligman suka bayyana shi a jikin baƙaƙen fatar Amurka masu shafa man gashi kullum. Ta rage man, ta daina kai shi bakin goshi, tana wanke hular a kai a kai. Layin ya baje.

Ba a ɗaga biki ba. Ta shiga ɗakinta da sauran tabo a kumatu, domin a fata irin tamu baƙin tabon da ƙurji ke bari yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, rana kuma tana ƙara masa duhu. Tarkon na nan: tabon ne ke sa a sake neman "mai sa haske", a koma gidan jiya.

Ƙurajen da suka yi manya suna ciwo a can ciki, ko suke barin rami, ko suka wuce wata uku ana magani ba sauƙi, na asibiti ne. Mai juna biyu kuma kada ta shafa maganin ƙuraje sai ta tambayi likita. Ke kuma uwar amarya, kafin ki biya kuɗin gyaran jiki, ki ce a nuna miki kwalin duk abin da za a zuba a robar 'yarki. In kin ga clobetasol ko betamethasone a jiki, ki bar shi a wurin.