Shanzelize, uwar hanyoyin birnin Pari

Tsawonta bai cika kilomita 2 ba, amma tarihin Faransa bisa kanta yake tafiya. Zamanin sarki Luwi na 14 aka shata ta. A gabas, dandalin Konkord, akwai dogon dutse sassaƙaƙƙe na Fir'aunoni, kyautar Muhammadu Ali na Masar, da aka kafa a 1836. Shekarar nan kuma aka gama Ƙofar Nasara ta yamma, wadda Napoleyon ya umurci a gina tun 1806.

Nan Janar Digol ya taka ran 26 ga Agusta 1944, bayan ƴanta birnin. Abin takaici, an riga an janye baƙaƙen sojojin Afirka daga rundunar Janar Lakler kafin shigarta Pari. Ran 14 ga Yuli 2010 kuwa, sojojin Nijar suka yi fareti bisa wannan hanya.