Daga kaye zuwa na'ura: yadda ake tsara lissafin gidan abinci don kada kuɗɗi su zurare

Gidan abinci sana'a ce da kuɗɗi ke shiga cikinta kaɗan-kaɗan, ta hannuwa da yawa, kuma cikin gaggawa. Da rana tsaka, lokacin da ma'aikatan buro da ƴan kasuwa suka taso cin abinci, yaro ɗaya ne ke ɗaukar oda, wata ta zuba a madafa, wani ya kai tebur, na huɗu kuma ya karɓi kuɗɗi. Da dare mai gida ya buɗe kes ya ƙidaya, ya duba kaye, ya tarar ba su yi daidai ba. Ba ya iya cewa sata aka yi ko mantuwa, kuma sau da yawa mai riƙon kes ɗin ƙanensa ne ko ɗan ƴar'uwarsa. Nan ne zargi ke shiga, zumunta ta fara tsami a kan kuɗɗin da ba wanda ya san inda suka bi.

Wannan ciwo tsoho ne. A 1879, wani mai gidan shaye-shaye a garin Dayton na jihar Ohayo ta Amurka, James Ritty, ya ƙera akwatin kuɗɗi mai lissafi na farko, domin yana zaton yaransa na zuba ciniki cikin aljihu. Kamfanin NCR, wanda John Patterson ya kafa a 1884, daga wannan ƙira ya taso. Akwatin yana tara jimilla, amma ba ya faɗin me aka sayar, wa ya sayar, wa bai biya ba. Amsar waɗannan tambayoyi aikin rumbun bayanai ne, wato tsarin da manhajojin kes na yau suke zaune a kansa. Ɗan kasuwar da zai sayi manhaja, ko ya sa wani matashi ya rubuta masa ita, ya kamata ya san yadda ake gina wannan rumbu, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Kowane bayani wuri guda

Ƙa'idar ta fito ne daga Edgar Codd, masanin lissafi haifaffen Ingila wanda ya yi aiki a kamfanin IBM a Kaliforniya. A watan Yuni na 1970 ya wallafa wata maƙala inda ya ce a zuba bayanai cikin jadawalai masu layuka da gurabe, kowane layi da lambar da ta bambanta shi da sauran, sannan jadawalan su riƙa kiran juna da waɗannan lambobi. A 1974 abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, wanda ake kira SQL, kuma har yau shi ne bankuna da kamfanonin waya ke amfani da shi. A Faransa kuma, a ƙarshen shekarun 1970, aka fito da hanyar Merise, wadda makarantun ƙasashe masu amfani da Faransanci suka daɗe suna koyarwa: a zana tsarin duka bisa takarda kafin a taɓa na'ura.

Abin da Codd ya nace a kai shi ne kada a rubuta bayani ɗaya a wurare biyu. Dubi kayen da ake riƙewa a yawancin gidajen abinci: kowane layi na ɗauke da sunan abinci, farashi, sunan yaro da lambar tebur, ana maimaita su sau ɗari a yini. Yau an rubuta "dafa-duka", gobe "shinkafa d.", jibi an rubuta da Faransanci. Ranar da mai gida ya so sanin faranti nawa na dafa-duka ya sayar cikin wata, sai ya zauna yana ƙidaya da yatsa. A rumbun bayanai, dafa-duka na da layi ɗaya tak cikin jadawalin abinci, a ce lamba 7, tare da sunanta da farashinta na yau. Ko'ina kuma, lamba 7 kawai ake rubutawa. Haka ma'aikata ke da nasu jadawali, teburori da nasu. Waɗannan ba su da wuya.

Wuyar tana wajen oda. Oda ɗaya na iya ƙunsar abinci iri-iri, kuma abinci ɗaya na fitowa cikin oda da yawa. Mai koyo yakan buɗe gurabe cikin jadawalin oda ya ce abinci na ɗaya, na biyu, na uku, har ranar da ƴan biki suka zo suka nemi iri goma, tsarin ya tsaya. Abin da ake yi shi ne a raba gida biyu. Jadawalin oda ya riƙe abin da ya shafi odar duka: lambarta, rana, awa, tebur, da yaron da ya ɗauka. Wani jadawali dabam, na layukan oda, ya riƙe kowane abinci a layinsa. Alal misali, oda ta 412 a tebur na 5: layi ɗaya dafa-duka faranti biyu, layi ɗaya zabuwa guda ba barkono, layi ɗaya zoɓo kwalba uku. Layi uku ke nan, kowanne na ɗauke da lamba 412 da lambar abincinsa. Da wannan, tambaya ɗaya ta isa a san abin da aka sayar ran Juma'a, ko cinikin da kowane yaro ya kawo cikin sati.

Farashin jiya da na yau

Akwai wuri guda da ya zama tilas a kwafi bayani, kuma a nan ne manhajoji marasa kyau ke tona asirin kansu. Idan layin oda bai riƙe farashi ba, yana komawa jadawalin abinci ne kullum ya ɗauko, to ranar da aka ƙara kuɗɗin dafa-duka daga sefa 1000 zuwa 1250, duk cinikin watannin baya zai canza shi kaɗai, lissafin bara ya nuna kuɗɗin da ba su taɓa shiga kes ba. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 cikin dare guda, sun san yadda farashin shinkafa da mai ke iya juyawa cikin ƴan kwanaki. Haka ma waɗanda suka yi cefane bayan rufe iyakoki a 2023. Saboda haka kowane layin oda ya riƙe farashin da aka sayar da shi a wannan lokaci. Wannan bai saɓa wa ƙa'idar Codd ba, domin farashin yau da farashin da aka biya ran 3 ga wata bayanai biyu ne dabam.

Wani tarkon kuma na gida ne, ba a samunsa cikin littattafan Turawa. A kasuwa da dala ake ƙidaya: wanda ya ce "ɗari uku" yana nufin sefa 1500, jika kuwa sefa 1000 ce. Sabon yaro zai iya buga 300 cikin na'ura da zuciya ɗaya. Maganinsa shi ne kada yaro ya buga farashi da hannu sam. Ya zaɓi abinci, na'ura ta ɗauko kuɗɗin. Kuma a ajiye dukan kuɗɗi da sefa, cikakkun lambobi ba tare da ɓarɓashi ba.

Oda dabam, faktir dabam, biya dabam

Mutane da yawa na ɗaukar waɗannan uku abu ɗaya ne, alhali al'adar cin abinci a ƙasar nan kanta ta raba su. Abokai huɗu su ci a tebur ɗaya, kowa ya ce zai biya nasa: oda ɗaya, faktir huɗu. Wani alhaji ya shigo ya ga ƴan garinsu a tebur uku, ya ce duka a kansa: oda uku, faktir ɗaya. Idan an ɗaure faktir da oda kai tsaye, babu ɗayan biyun da zai yiwu ba tare da mai kes ya koma ga biro da takarda ba, kuma duk inda aka koma ga takarda a gefe, nan ƙofa ta buɗe. Shi ya sa masu tsari ke haɗa faktir da layukan oda: kowane layi ya san faktir ɗin da ya faɗa ciki, layin da ba shi da faktir kuwa abinci ne da aka ci ba a lissafa ba, kuma na'ura na iya jero su duka kafin a rufe da dare.

Biya ma na da jadawalinta, domin faktir ɗaya ana iya biyan sa sau biyu ko uku: rabi a hannu, saura ta waya. A Maraɗi da Ƙonni, inda baƙi daga Katsina da Sakkwato ke shigowa, wani da naira zai biya. A nan sai a rubuta abu uku: nairar da aka karɓa, canjin da aka yi amfani da shi a ranar, da sefar da suka zama. Bayan da Najeriya ta saki darajar naira a watan Yuni na 2023, canji ya riƙa motsi ƙwarai, kuma kes ɗin da bai riƙe canjin kowace rana ba, ba mai iya tantance shi a ƙarshen wata.

Sai batun bashi, wanda shi ne ƙashin bayan ciniki da ma'aikatan gwamnati. "A rubuta sai albashi ya fito" magana ce da kowane mai gidan abinci ya sani, kuma a shekarun 1990, lokacin da albashi ke makara watanni, masu tuwo da yawa sun ɗauki ma'aikata a kan wannan kalma. Kaye yakan riƙe suna da jimilla, a soke a sake rubutawa, har ranar da gardama ta tashi: ma'aikacin ya ce ya rage jika biyar a watan jiya, mai gida ya ce bai tuna ba. Rumbu mai kyau ba ya ajiye jimillar bashi a wani gurbi da hannu zai iya taɓawa. Yana da jadawalin abokan ciniki, faktir ɗinsu da biyansu. Bashi kuwa lissafa shi ake yi duk lokacin da aka tambaya, abin da aka ci a cire abin da aka biya, kowanne da ranarsa. Wannan kariya ce ga ɓangarorin biyu, kuma ma'aikacin da ke da asusu a irin wannan gida yana da haƙƙin neman a buga masa takardar.

Abin da doka ke nema

Nijar na cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a 1993, kuma dokar lissafinta ta wajabta ajiye littattafai da takardun shaida har shekara goma. Gidan da ke karɓar harajin TVA, wanda babban ma'auninsa kashi 19 cikin ɗari ne, sai faktir ɗinsa ya nuna lambar NIF, kuɗɗin kaya, da harajin a ware: abincin sefa 2500 ya ɗauki 475, jimilla 2975. Kamar farashi, shi ma ma'aunin haraji a kwafe shi cikin faktir, don dokar kasafi na iya sauya shi. Tun 2021 kuma ofishin lampo ya shigo da faktir mai shaidar na'ura, don haka mai sayen manhaja ya tambaya tun farko ko tana iya aiki da wannan tsari.

Daga nan ƙa'ida mafi tsanani ta fito: ba a goge komai. Lambobin faktir su bi juna ba giɓi. In baƙo ya fasa oda, ko an yi kuskure, a yi wa layin alamar sokewa, a rubuta wanda ya soke, da awa, da dalili, amma layin ya zauna. Tsohuwar dabarar mai kes marar amana ita ce ya karɓi kuɗɗi, baƙo ya fita, ya goge odar. Manhajar da ke ba kowa damar gogewa ta fi kaye haɗari, don kaye ko an yage shafi ana ganin gurbinsa.

Wuta ma ba abin mantawa ba ce, balle a lokacin zafi. A ce na'ura ta rubuta biya, kafin ta rufe faktir wuta ta ɗauke: lissafi ya rabu biyu. Rumbunan kirki na da maganin wannan, suna ɗaure ayyukan cikin ƙulli ɗaya, ko duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga. Ba sai an kashe dukiya ba: SQLite, da ya fito a 2000 kuma yake cikin kusan kowace wayar zamani, yana yin haka kuma kyauta ne, ya ishi gida mai kes ɗaya, PostgreSQL, shi ma kyauta, ya dace da gida mai kes da yawa. Jadawalin Excel da wasu ke riƙe lissafi da shi bai da wannan kariya.

Wasu na ƙara jadawalin kayan madafa, su faɗa wa na'ura awon shinkafa da mai da ke shiga faranti ɗaya, don a gwada buhun da ya ƙare da farantan da aka sayar. Yana da amfani, amma sai gidan da ludayinsa ke da ma'auni ɗaya. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne dokar madafa: faranti ba ya fita sai da tikitin da na'ura ta buga, ko da na ɗan mai gida ne, ko na maƙwabcin da ake ba kyauta; kyautar ma a shigar da ita da sunan kyauta. Na'ura ba ta san abin da ba a faɗa mata ba, kuma farantin da ya bi ta ƙofar baya ba zai fito cikin kowane jadawali ba. Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, wadda ba ya ara wa abokinsa. Da dare kuma, bayan an ƙidaya kes an gwada da jimillar na'ura, a kwafi rumbun duka bisa makullin USB, mai gida ya tafi da shi gida, don kwamfutar da ke zaune kusa da hayaƙi da ƙurar hunturu tana iya mutuwa ba sallama.