Kama da wane ba ta wane: Tsoffin injinan Marsandi da rikicin kayan gyara

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwannin ƙauye a Arewa ya san tsohuwar motar nan ta Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fi sani da 911. Ita ke kwaso hatsi zuwa Dawanau, ita ke jigilar itace da yashi da dabbobi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rage a kan titi sun girmi direbobinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a garejojin da ake gyaran irin waɗannan motoci, wato, “Ai duk ɗaya ne Alhaji, zai shiga.” A ganina akwai gaskiya a cikin maganar, amma rabinta ce, kuma rabin da aka bari shi ke cinye jarin masu motoci.

Bari mu fara da sunan motar. Tun daga 1963 kamfanin Mercedes-Benz ya riƙa laƙaba wa motocinsa na ɗaukar kaya lambobin da ke bayyana aikinsu. Lambar farko nauyin mota ne da kayanta, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji ne idan aka ninka su sau 10. Ke nan 911 na nufin tan 9 da ƙarfin doki 110, 1113 na nufin tan 11 da ƙarfin doki 130, ita kuwa ƙaramarsu 608 tan 6 ce da ƙarfin doki 80. Tun daga suna an riga an gaya wa mai saye cewa kowace da irin nauyin da aka ƙera ta domin ta ɗauka.

Injin da aka fi sani a cikin manyan shi ne OM352, mai silinda 6 da girman lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Na ƙaramar 608 kuwa shi ne OM314, mai silinda 4 da girman lita 3.8. Injiniyoyin Jamus sun yi su ne wa da ƙane. Faɗin ramin silindar kowanne milimita 97 ne, tazarar hawa da saukar fistin kuma milimita 128. Saboda haka ne ake samun fistin da ringi da bawul da wasu ƙananan kaya da ke aiki a injinan biyu, har kamfanonin da ke ƙera kayan gyara kan jera su tare a kundin kayansu. Wannan dabara ta rage wa kamfanin tsadar ƙira, mu kuma ta zame mana rufin asiri. Bayan faɗuwar darajar Naira da ta biyo bayan shirin SAP a 1986, sabon kaya ya gagari masu ƙaramin ƙarfi, masana'antun harhaɗa motoci irin su ANAMMCO ta Inugu da Steyr ta Bauchi da NTM ta Kano suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, jama'a suka koma ga kayan Beljiyam. A wannan yanayi, ikon cire kaya daga mataccen inji a raya wani da shi ya tsawaita ran motoci masu yawa.

To amma zumuncin yana da iyaka. Karanshaf da kamshaf da tof silinda da gaskit da injekta duk an yi su ne daidai da adadin silinda, don haka na ƙaramin ba ya kusantar babban. Wannan bai cika ruɗar kowa ba, domin ido ma yana gani. Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da suka yi kama har ido ba ya iya rabewa.

Misali na farko shi ne OM352A, wato samfurin da aka ɗora wa turbo domin motoci masu nauyi. Daga waje kusan ba shi da bambanci da ɗan'uwansa, amma iskar da turbo ke cusawa tana ƙara zafi da matsi a kan fistin, saboda haka fistinsa daban ne, awon man da injektarsa ke fesawa ma daban ne. Fistin na inji marar turbo zai shiga ramin lafiya lau, motar za ta tashi, mai mota ya biya kuɗin aiki yana murna. Sai ranar da aka yi mata cikakken lodi ta kama doguwar hawa, kamar wadda ake yi kafin a shiga Jos, sannan zafi ya fi ƙarfin fistin, a ce inji ya buga.

Misali na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A shekarun 1980 kamfanin ya fito da magadan injinan nan, OM366 a madadin OM352, da OM364 a madadin OM314. Faɗin raminsu milimita 97.5 ne, tazarar fistin kuma milimita 133. Shi kuwa tsohon OM352, idan ya ci aka kai shi aka goge raminsa, ɗaya daga cikin awon da ake mayar da shi shi ne 97.5 ɗin nan. Ke nan ga fistin biyu masu faɗi ɗaya a kan teburin mai shago. Sai dai da yake sabon injin ya fi tsohon tsawon tazara da milimita 5, an rage wa fistinsa tsayi daga fil zuwa kai da kimanin rabin wannan. Idan aka sa shi a tsohon inji ba zai kai ƙololuwa ba, matsi ya ragu, mota ta ƙi tashi da sanyin safiyar hunturu, ta riƙa hayaƙi da shan gas. Idan kuma aka yi akasin haka, fistin zai je ya daki tof silinda.

Wannan al'amari bai tsaya ga Jamusawa ba, haka masu ƙera motoci suke yi a ko'ina. A Amurka kamfanin Ford ya yi injinan fetur 'yan gida ɗaya, samfurin FE irin su 360 da 390 a motocin a-kori-kura, da samfurin FT irin su 361 da 391 a manyan motoci. Tsakanin 390 da 391 kusan babu bambancin girma, amma karanshaf na 391 ƙarfe ne da aka buga domin juriya, kuma bakinsa na gaba ya fi kauri, don haka fulin wancan ba ya hawa kansa. Dalilin ɗaya ne a ko'ina. Ƙaramar mota takan yi gudu ta huta, ita kuwa babba takan wuni tana ja da iyakar ƙarfinta, kuma kowane ƙarfe da ke cikinta an auna shi ne da wannan wahala.

Ba na ɗora laifi kacokan a kan kanikawa. Da yawansu gwanaye ne da suka raya injinan da a ƙasashen da aka ƙera su tuni an narkar da su. Matsalar tana cikin yadda muke sayen kaya. Yaron gareji zai ɗauki tsohon fistin a leda ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a gwada da ido, a ce ya yi. Sau da yawa kuma shi kansa wanda ya kawo ɗin ba na injin ba ne, wani ne ya taɓa cusa shi shekarun baya. Mai mota ma yana da nasa kason, domin shi ke matsa wa bakanike ya nemo mai araha, ya manta cewa araha ba ta ado.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kowane injin Marsandi yana da lambarsa a jikin bulok, kuma lambobin farko su ke faɗin samfurinsa. Ya kamata mai mota ya rubuta ta ya adana, a riƙa sayen kaya da ita, musamman ganin cewa yawancin motocin nan an sha sauya musu inji, sunan da ke jikin ƙofa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin bonet. Haka kuma kowane gareji na manyan motoci yana bukatar ma'aunin milimita, kuɗinsa bai kai na fistin guda ba.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC da kwalejojinmu na fasaha, irin su ta Kaduna, da su zauna da dattawan wannan sana'a tun suna raye, a rubuta abin da suka sani cikin Hausa: wane kaya ke shiga wane inji, wane ne kuma ke shiga amma ba ya ɗaukar lodi. Injin da ya buga a daji da buhunan masara a bayansa asara ce ga mai mota da direba da yaransa da manomi, kuma a ƙarshe mai awo a kasuwa ne ke biyan kuɗin. Allah Ya sa mu gane, mu kuma gyara.