Kwamitin iyaye da malamai: yadda za mu ci moriyarsa

A nan ƙasar Dakoro watan Oktoba wata ne mai aiki biyu. A cikinsa ake ɗaure damman hatsi, ana roron wake. A cikinsa kuma ake buɗe makarantun boko, wato lakwal. Uba yana son yaro a gona, malami yana son shi a aji. A lokacin ne kuma masassarar cizon sauro take kayar da yara. Sai ka tarar malami ya zo, ya share allo, amma rabin yaransa ba su nan. Wasu suna gona, wasu suna kwance. A wasu garuruwan ma ajin ne babu, domin na kara ne, karan kuwa yana tsaye a gona.

Idan muka zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, mukan ji kuka iri biyu. Iyaye su ce malami ba ya zama a gari. Malamai su ce iyaye ba su turo yara. Kowa yana faɗin tasa a bayan idon ɗan'uwansa. Alhali kuwa akwai wurin da aka tanada domin su zauna tare. Wurin nan shi ne kwamitin kula da makaranta.

Na wa ne kwamitin?

Da yawa cikinmu sun san shi da sunan COGES. Daga baya hukuma ta sauya sunan ya koma CGDES, amma aikin bai sauya ba. A cikinsa akwai wakilan iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata, da daraktan makaranta, da wakilin malamai. A shekarar 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa, tare da taimakon ƙasar Japan, domin a ga yadda kwamitin zai yi aiki da gaske. Da aka ga amfaninsa, sai aka yaɗa hanyar zuwa Damagaram da sauran jihohin Nijar. Abubuwa uku shirin ya kama: zaɓe a fili, tsarin aiki a rubuce, da bin diddigi.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: kwamitin ba na darakta ba ne. Ba na maigari ba ne. Na mutanen gari ne. Malami baƙo ne, yau yana nan, baɗi an kai shi wani wuri. Yaran kuwa namu ne, kuma a nan za su zauna.

Zaɓe

Ana tara gari duka, maza da mata. Masu son a zaɓe su su tashi su faɗi abin da za su yi. Sa'an nan kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙuri'arsa. Me ya sa ake ɓoye ƙuri'a? Domin kunya. Wa zai ɗaga hannu a gaban surukinsa ya ce bai yarda da shi ba? Idan aka bar zaɓe ga ɗaga hannu, kullum ɗan'uwan mai ƙarfi ne zai ci.

Kada a zaɓi mutum don girmansa kawai. A duba wanda yake zaune a gari rani da damina. Wanda zai tafi ci-rani bayan girbi, ko yana da kirki, kujerarsa za ta zauna ba kowa har wata shida. Ma'aji kuwa ya zama mai amana wanda ya iya ƙidaya da rubutu. A nan ne ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kuke da wuri. Ba don karanta jarida kaɗai kuka koyi baƙaƙe ba.

Babban taro da tsarin aiki

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

A farkon shekarar karatu kwamiti yana kiran babban taro. Ana tambayar mutane: mene ne yake damun makarantarmu? Wani ya ce rufi, wata ta ce ruwan sha, malami ya ce alli da littattafan rubutu. A rubuta duka. Bayan haka a ware. Wanne ne za mu iya da hannunmu? Wanne ne sai an kai wa magajin gari ko hukumar ilimi? Gina aji na siminti ya fi ƙarfin ƙaramin gari. Amma shinge, da rumfa, da randa, da masai, da ɗakin da malami zai kwana, ba su fi ƙarfinmu ba.

Kowane aiki da aka zaɓa, a rubuta abubuwa huɗu a gabansa: mene ne aikin, wa zai yi shi, yaushe, kuma nawa zai ci. Aikin da ba a sa masa sunan mutum ba, ba mai yin sa. Kowa zai ce ai wani zai yi.

Ga misali. Gari mai gida 80. An yarda kowane gida ya ba da dala 100. Idan kowa ya biya, an sami jika 40. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar hatsi, ko dami na kara, ko ya ba da ƙarfinsa ranar gayya. A rubuta wannan ma, domin shi ma biya ne. Kada kuma a kori yaro daga aji don ubansa bai biya ba. Yaro ba shi ne mai rumbu ba.

Lokacin karɓa shi ne kaka, sa'ad da hatsi yake hannu. Wanda ya jira har bazara ya zo neman gudummawa, ya zo lokacin da rumbu ya fara ƙara.

A tsakiyar shekara a sake taro, a ƙarshenta ma haka. A karanta takardar da ƙarfi, layi bayan layi. An yi wannan? An yi wancan? In ba a yi ba, me ya hana? Mun taɓa halartar irin wannan taro a wani ƙauye. Aka nemi littafin kuɗi, aka ce yana cikin akwati, mai makulli ya yi tafiya. Mutane suka watse ba wanda ya ce uffan. Shekara ta zagayo, aka nemi gudummawa, ba wanda ya ba da ko dala. Wataƙila ma ba a ci kuɗin ba. Rashin nuna littafi kawai ya kashe kwamitin.

Mata sun riga mu gane wannan. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a nan jihar Maraɗi a shekarar 1991 tare da ƙungiyar CARE, a gaban kowa suke ƙirga kuɗinsu. Ba a buɗe akwati sai membobi suna zaune. Kwamitin makaranta ya yi koyi da su. Ana iya rubuta littafin da Hausa, yadda kowa zai gane. Tun shekarar 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Duk uba da duk uwa suna da ikon cewa a nuna musu littafin. Ba rashin kunya ba ne.

Ajin kara da wuta

Makarantu da yawa a karkara da kara da zana ake yin ajinsu. Iyaye ne suke yin sa. Idan aka jira sai an gama girbi sarai, karatu ba zai fara ba sai tsakiyar Nuwamba. Mako shida ke nan sun tafi, a shekarar da duka-duka wata tara ce. Dubara ita ce a kwance rumfar bara tun watan Yuni, a adana itatuwa da zana inda ruwa da gara ba za su ci su ba. Kafin sabon kara ya samu, a fara da su.

Amma akwai abin da ya fi jinkiri muni. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a wata makaranta a Yamai, yara 20 ko fiye suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar 2021 kuma irin haka ta faru a cikin garin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Busasshen kara ba ya ba mutum lokaci.

Don haka idan za a kafa aji, a bar fili tsakanin rumfa da rumfa. A yi ƙofa biyu, masu faɗi, kada a toshe su da benci. Ƙananan yara su ne za a ba ajin ƙasa ko na siminti in akwai, manya su shiga na kara. Masu sayar da abinci su hura wutarsu nesa. Kada a ƙona shara ko ciyawa kusa da makaranta, balle da iskar hunturu. A aje yashi da ruwa a kusa. Malami kuma ya koya wa yara yadda za su fita a jere ba turereniya, su gwada har su saba.

Lafiyar yara

Maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina na yara ne daga wata 3 zuwa shekara 5. Ɗan makaranta ya wuce wannan. Abin da ya rage masa shi ne gidan sauro. A gidaje da yawa uwa da jariri ne suke ciki, manyan yara suna kwana a fili. Taron iyaye wuri ne mai kyau na tuna wa juna wannan. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a gwada jininsa, kada a tsaya sayen ƙwaya a tebur.

Makarantar da ba ta da masai, yara bayan aji suke zagayawa. Ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan abincinsu. Daga nan zawo da tsutsar ciki suke fitowa. Ƴan mata da suka fara girma kuwa, in babu wurin sutura, sukan daina zuwa. A haƙa masai biyu, na maza daban, na mata daban. A rataye bidon na ruwa a bakin ƙofa, da sabulu. In babu sabulu, toka ta fi babu. A sa wa randar sha murfi da moɗa mai mariƙi.

Littafin kiran suna da malami yake riƙe da shi yana gaya mana abin da ido bai gani ba. Idan yara biyar daga unguwa ɗaya suka ɓace a mako ɗaya, a bincika. Wataƙila ƙyanda ce, wataƙila sanƙarau ne in lokacin zafi ne. A sanar da likita da wuri.

A nan uwaye mata suka fi kowa amfani. Su ne suke shiga gida su tambayi uwa: ina Hadiza, kwana uku ba mu gan ta ba? Su ne suke jin maganar aure tun ba ta fito fili ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da take karatu da tallafa mata. Amma takarda tana Yamai, yarinya tana ƙauye. Mace mai hankali da za ta zauna da iyayenta ita ce take kusa.

Gonar makaranta

Wasu kwamitoci sukan roƙi maigari fili su noma wa makaranta. Abu ne mai kyau, sai dai damina lokacin hutu ce, malami ba ya nan. Tun kafin a rufe makaranta a sa ranar shuka da ranar noma, a yi su da gayya. Wake ya fi dacewa, don yana da kuɗi, harawarsa ma ana saye. Lambu kuwa kada a yi gaggawa. Rijiyoyinmu na Dakoro suna da zurfi, ruwan da mata suka ja da wahala ba za a zuba wa salati ba. Inda akwai famfo, a fara da zogale kaɗan da shinge mai ƙarfi saboda awaki. Kowane aji ya ɗauki itace biyu ko uku yana ba su ruwan wanke hannu.

Wayar salula

Yanzu wasu makarantu suna buɗe zauren iyaye da malamai a WhatsApp. Amfaninsa shi ne saƙon murya: wanda bai iya karatu ba ma yana ji, yana amsawa. Uban da yake ci-rani a Kano ko Agadas yana jin abin da ake ciki, har ya aiko da nasa kason. Ana iya ɗaukar hoton shafin littafin kuɗi a tura wa kowa.

Amma a sa masa doka tun ranar farko. Maganar makaranta kaɗai, ban da siyasa da talla. Kada a tura hoton yaro marar lafiya, kada a ambaci laifin yaro da sunansa. Wanda yake da ƙorafi a kan malami ya sami shugaban kwamiti, su je su zauna da darakta. Labarin cuta ko na allurar rigakafi, kada a tura shi gaba sai an tambayi ma'aikacin likita. Mutum biyu su riƙe zauren, uba ɗaya da malami ɗaya.

Kuma kada a yanke shawara a cikin waya. Mata da yawa ba su da ita, makiyaya da suke rugage ma ba kullum suke samun layi ba. Waya ta kira taro, mai shela ma ya zagaya gari, a aika yaro rugga. Ranar taro a zaɓi wadda ba ta kasuwa ba, a sa shi bayan la'asar, lokacin da mata suka sauke daka.