Sunan Yanka da Shekarar Haihuwa: Bin Diddigin Kakanni Mata a Ƙasar Pauwa

1.0 Gabatarwa

Masu binciken asali a ƙasashen Turai sukan sha wahala wajen gano sunan da mace take amsawa kafin ta yi aure, domin a al'adarsu amarya takan ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na mijinta. Bahaushiya ba ta yin haka a gargajiyance, tana nan 'yar ubanta har ta koma ga Mahaliccinta. Duk da haka, wanda ya tashi neman sunan kakarsa ko kakar kakarsa a ƙasar Hausa yakan tarar da wahalar da ba ta gaza ta Bature ba, sai dai tushenta dabam ne. A nan alkunya ce take binne sunan yanka a ƙarƙashin laƙubba, har a wayi gari jikoki ba su san shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa laƙubban da suka ɓoye sunan su ne kuma mabuɗin gano shi, tare da lokacin haihuwar mai shi, muddin an auna su da 'yan rubuce-rubucen da suka rage a gidaje da kotuna. An ɗauki ƙasar Pauwa a matsayin fagen misali.

2.0 Ƙasar Pauwa

Pauwa tsohon gari ne a kudu maso yammacin ƙasar Katsina, kuma daga gare shi aka samo sarautar Sarkin Pauwan Katsina, wadda hakimin Ƙanƙara yake riƙe da ita. Abin da ake nufi da ƙasar Pauwa a nan shi ne yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wanda ya yi iyaka da Zamfara ta yamma da Birnin Gwari ta kudu. Yanki ne na ƙaura. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun tura jama'a cikin garuruwa masu ganuwa, sa'an nan a ƙarni na 20 yalwar ƙasar noma da cinikin auduga, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929, suka jawo baƙi daga arewacin Katsina da sauran wurare. Saboda haka sau da yawa garin da aka binne tsohuwa ba shi ne garin da aka yanke mata cibiya ba. Har ila yau, akwai gidajen da kakanninsu Maguzawa ne, waɗanda sunansu na gargajiya shi ne sunan gaba ɗaya, babu wani na littafi a bayansa sai in an musulunta daga baya.

3.0 Yadda sunan mace yake ɓoyuwa

Ana raɗa wa jaririya suna bayan kwana bakwai da haihuwa. Liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya shelanta. Wannan shi ne sunan yanka, kuma tun daga ranar yake soma ɓuya. In 'yar fari ce, uwarta ba za ta ambace shi ba. In sunan mahaifiyar uba ko ta uwa aka mayar, babu mai iya kama shi a gidan, sai a ce Uwani ko Inna ko Iya ko Ummi. In ta yi aure, dangin miji su ƙara nasu: Amarya, Uwargida, ko kuwa a jingina ta da garinsu a ce Ta Faskari. In ta tsufa ta zama Gwaggo ko Kaka, in ta sauke farali ta zama Hajiya. Mace guda tana iya amsa suna huɗu ko biyar a rayuwarta, kowane rukunin dangi da wanda ya sani.

Zuwan boko ya ƙara rikita al'amarin. Makaranta ta bukaci suna biyu, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, kamar yadda aka samu Isa Kaita da Aminu Kano da Shehu Shagari. Don haka mutum biyu masu amsa Ƙanƙara ko Faskari a ƙarshen sunansu ba lalle ne su haɗa jini ba. Daga baya kuma wasu matan ma'aikata suka ari al'adar Turawa ta ɗaukar sunan miji, abin da ya sa takardun asibiti da na fasfo suke iya nuna mace da sunan mijinta a gurbin na ubanta.

4.0 Laƙabi a matsayin shaida

Laƙubban mata sun kasu kashi uku dangane da abin da suke gaya wa mai bincike. Kashi na farko su ne inkiyoyin da suke da abokin tafiya sananne. Indo da Shatu A'ishatu ce, Binta Faɗimatu ce, Dije da Kubura Hadizatu ce, Kulu Hauwa'u ce, Mairo Maryamu ce, Abu kuwa Zainabu. Wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya sami sunan yanka.

Kashi na biyu su ne masu nuna lokaci. Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai da Asabe suna faɗin ranar haihuwa daga Lahadi zuwa Asabar. Azumi tana nuna watan Ramalana, Tasalla lokacin salla, Marka tsakiyar damina.

Kashi na uku su ne masu nuna matsayin haihuwa a ɗakin uwa. Kande ko Delu ita ce wadda ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta ta ƙarshe, Talle wadda ta rasa mahaifi ko mahaifiya tana ƙarama, Ayashe da Ajuji kuwa 'ya'yan mai wabi ne. Irin waɗannan suna taimakawa wajen jera 'yan ɗaki ɗaya, ta yadda in an san shekarar ɗaya za a iya kintatar ta sauran, tun da tazarar goyo a da takan kai shekara biyu zuwa uku.

Sai dai al'ada ba doka ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ce da ɗan'uwanta Hassan, amma ba a sa mata Husaina ba. Laƙabi yana buɗe ƙofa ne kawai, tabbaci sai an haɗa da wata shaidar.

5.0 Rubutattun shaidu

Mafi daraja a cikin takardun gida shi ne abin da malami ya rubuta da hannunsa. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani, ko a ƙarshen littafin da suka kwafa, ko a cikin kundi, da Larabci ko da ajami. Irin wannan rubutu yakan kawo rana da wata da shekarar Hijira, kuma da yake alƙalami ba ya jin kunya, sunan yanka yake rubutawa. Gafakar tsohon limamin unguwa takan ƙunshi haihuwar gidajen maƙwabta, ba ta gidansa kaɗai ba.

Na biyu shi ne littafin alƙali. A zamanin En'e, gadon da alƙali ya raba ana rubuta shi saboda ushirar da ake cirewa a kai baitulmali, kuma muhuti yakan jera magada ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, kowa da sunan ubansa. Shari'ar aure da ta saki ma haka. A nan ne aka fi samun mace da cikakken sunanta, wance 'yar wane. Wasu daga cikin takardun mulkin lardin Katsina suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.

Na uku shi ne littafin haraji. Baligai maza ake rubutawa a cikinsa, don haka ba ya kawo sunan mace, amma yana nuna unguwar da ubanta ko mijinta yake zaune da shekarar da ya soma biya. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, kafin a ba ta jiharta a 1987.

Mafi rauni su ne takardun zamani. Rajistar makaranta kintace ce, domin sau da yawa ana auna shekarun yaro ne ta hanyar sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Takardar rantsuwar shekaru ana yin ta ne don wata bukata, neman aiki ko fasfo, kuma mai rantsuwar yakan zaɓi shekarar da ta dace da bukatar. Yawan ɗaya ga Janairu a katunan tsofaffi alama ce ta cewa magatakarda ne ya cike gurbi. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa rajistar haihuwa ta tilas ita ce mai lamba 69 ta 1992, watau ba ta riski waɗanda ake magana a kansu ba.

6.0 Lissafin shekara

In an sami shekarar Hijira, hanyar mayar da ita ta Miladiyya ita ce a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Alal misali, 1332 in an raba da 33 za a sami 40. A cire 40 saura 1292. A ƙara 622 ya zama 1914. Lissafin yakan yi kuskuren shekara ɗaya, domin 1332 ta kama ne a ƙarshen Nuwamba 1913.

Wani lokaci malami ba ya rubuta lamba, sai ramzi, watau haruffa masu ƙima. A nan akwai tarko. Malaman ƙasar Hausa hisabin Magariba suke bi, inda shinun take 1000, sinun take 300. A hisabin Gabas kuwa shinun 300 ce, sinun 60. Haruffan shinun, sinun, lamun da ba'un a lissafin Magariba sun ba da 1000 da 300 da 30 da 2, watau 1332. Wanda ya karanta su da hisabin Gabas zai sami 392, ya ɗauka rubutun shirme ne.

In babu rubutu, sai a koma ga abubuwan da jama'a suke ƙirga shekaru da su. Turawa sun shiga Katsina a 1903. Sarki Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. Yunwar Ƙaƙalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, annobar mura a 1918, yunwar 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Tambayar da ta fi amfani ga tsohuwa ita ce: lokacin abu kaza, ana goyon wance ne, ko ta soma talla, ko an kai ta ɗaki? Tun da a da akan aurar da yarinya tana da shekara goma sha uku zuwa sha biyar, sanin shekarar aurenta na fari ya kusa zama sanin shekarar haihuwarta.

Watan Musulunci kuma yana zagaya yanayin shekara sau ɗaya cikin kimanin shekara 33. Azumi ya faɗo a tsakiyar damina wajen 1914, da wajen 1947, da wajen 1980, da wajen 2012. Saboda haka haɗuwar wata da yanayi a bakin mai ba da labari tana rage shekarun da ake zato ƙwarai da gaske.

7.0 Misali

A ƙaddara wata tsohuwa ce da jikokinta a Sabuwa suka sani da Gwaggo Azumi, katinta kuma ya ce an haife ta ɗaya ga Janairu 1920. 'Yar ƙanwarta ta ce a gidan ubansu, can wajen Ƙanƙara, Uwani ake ce mata, kuma an sha faɗa cewa an haife ta ana yunwa, ana ruwa. Uwani ta nuna sunan kakarta aka mayar mata, don haka sai a nemi sunan kakar. Azumi da damina da yunwa sun taru a kan Ramalana ta 1332, wadda ta kama daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta 1914, domin a 1927 da rani aka yi azumi. In aka dace littafin gadon ubanta ya kawo A'ishatu a cikin magada, wani dattijo kuma, ba tare da an faɗa masa ba, ya ce mahaifiyar uban Indo ce, to shaidu uku masu zaman kansu sun haɗu. Ƙa'idar ita ce kada a karɓi suna ko shekara sai bakin mutum biyu da ba su zauna tare ba, ko baki ɗaya da takarda ɗaya, sun yi daidai.

8.0 Kammalawa

Wannan aiki ya wuce sha'awar masana. Rabon gadon gona da aka daɗe ba a yi ba yana tsayawa ne a kan sanin wace ce ta haifi wa, haka ma sanin muharrami da zumuncin dangin uwa, waɗanda salsalar maza ba ta riƙe su. Nazarin tarihin Katsina, irin wanda Yusufu Bala Usman ya buga a 1981, ya dogara ƙwarai da bakin dattawa, kuma irin waɗannan dattawa ƙarewa suke yi. A ƙasar Pauwa abin ya fi gaggawa. Hare-haren 'yan bindiga, tun daga na ƙauyukan Faskari da Sabuwa a watan Maris 2014 har zuwa sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, sun tashi ƙauyuka, sun raba tsofaffi da gidajensu, kuma mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Abin da ya kamaci malaman makaranta da ɗaliban jami'a 'yan yankin shi ne su soma da gwaggo da inna da ungozoma da wanzamin gida, su rubuta kowane laƙabi tare da wanda ya faɗe shi da inda ya ji shi, su ɗauki hoton bangon kowane tsohon littafi kafin gara ko gobara ta riga su. Wanda ba ya iya kama sunan mahaifiyarsa da baki, ana iya roƙonsa ya rubuta, ko ya nuna wata mai irin sunan a unguwa, domin ta haka an sami abin da ake nema ba tare da an keta alkunyar ba.