Kayan da Sarakuna Suka Tafi da Su Kabari

A watan Maris na 1974 waɗansu manoma a ƙasar Sin suna haƙa rijiya kusa da birnin Shi'an, sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Da masana suka buɗe wurin, sai ga runduna a jere, soja wajen 8,000, kowane tsawon mutum, har da dawakai da karusai. Sarki Cin Shi Huwang, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Almasihu, shi ya sa aka gina su don su tsare shi a lahira. Kabarin nasa kuwa har yau ba a buɗe shi ba.

Kada mu ce wannan al'adar mutanen nesa ce. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Mani, gabas da Katsina, akwai tuddai inda aka binne sarakunan dā. Wani Baturen mulki, Palmer, ya tona wurin a 1907, zamanin Sarki Dikko. A 1992 aka sāke tona uku, kowane da gawa ɗaya a tsakiya. An sami wuri, da duwatsun wuya, da awarwaron hauren giwa, da 'yan kunne na zinariya, da wata tasa da ta fito tun daga Gabas ta Tsakiya. Waɗansu kayan sun kai shekara 600. An kai su Jamus aka gyara, aka komo da su a 2014. Masu su ba su taɓa ko ɗaya ba.

To, mu fa? A nan Makera ba mu binne zinariya, amma muna binne albashi. Akwati mai tsada, anko, kuɗin ajiye gawa a asibiti mako uku ko huɗu, motar kai ta ƙauye, abincin ɗaruruwan baƙi. Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, gidaje da yawa ba su da abin da ke shigowa ƙarshen wata, duk da haka sai a ci bashi don kada a ce an yi abin kunya. Baƙi su watse, gwauruwa ta zauna da masu bin bashi, yara su bar makaranta.

Girmama mamaci ba laifi ba ne. Yusufu na Arimatiya ya ba da likkafanin lilin da sabon kabarinsa saboda Ubangijinmu, Nikodimu ya kawo kayan ƙanshi masu yawa. Amma daga abin hannunsu suka bayar, ba su ɗora wa Maryamu bashi ba.

Shawararmu ita ce, dattawan ikilisiya da zumuntar mata su zauna da iyalin tun ran da aka yi rasuwa, kafin a je wurin kafinta. A fara ware kuɗin haya da na makarantar yara, abin da ya ragu a yi jana'iza da shi.